Sanƙarau Daga Gwandu Zuwa Kalgo: Baƙon Da Ke Kwana A Maƙogwaron Mai Lafiya

Duk shekara, da zarar hazon hunturu ya turnuƙe sama, leɓɓa suka fara tsagewa, zafin bazara kuma ya fara leƙowa, akwai wani baƙo da talakan ƙasar Gwandu ya san zai iya yin sallama a kowane lokaci. Sunansa sanƙarau. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi da bakinta ta sanar cewa mutum 26 sun rasu da ciwon da ake zaton shi ne, 15 daga cikinsu a ƙaramar hukumar Gwandu, sauran kuma a Jega da Aliero da Argungu. Wannan lissafin farko ke nan. Kafin watan Afrilu ya yi nisa, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ce mamata a faɗin Nijeriya sun kai 151, kuma Kebbi na sahun gaba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba iyayensu haƙuri.

To amma bayan an yi jana'iza an watse daga zaman makoki, wace magana ce ke saura a majalisun samari? Wani ya ce zafi ne ya yi yawa. Wani ya ce iska ce ta taɓa yaron, ai ga shi yana fizge-fizge yana sambatu. Wani kuma ya gyara zama ya ce zunubi ne ya yi wa mutane katutu. Daga nan sai a tashi, kowa ya kama gabansa, a jira baɗi. Alhali kuwa wannan ciwo yana da sababi sananne, yana da hanyar da yake bi, kuma wanda ya fi kowa ɗaukarsa daga wannan gida zuwa wancan shi ne saurayi mai jini a jika, wanda ko ciwon kai ba ya yi. Saboda haka wajibi ne ɗan uwa matashi ya san wannan al'amari sani na haƙiƙa, domin jahiltarsa na iya zama sanadin ajalin ƙanensa da suke kwana ɗaki ɗaya.

Jiki gari ne mai baƙi

Abu na farko da ya kamata ɗan uwa ya fahimta shi ne, Allah Maɗaukakin Sarki Ya halicci wasu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Daga cikinsu akwai waɗanda ake kira bakteriya, akwai kuma waɗanda suka fi su ƙanƙanta da ake kira bairas, irin masu haddasa ƙyanda da shan inna. Hausa ta haɗa su duka ta ce ƙwayoyin cuta, amma sunan ya yi musu kuɗin goro, domin mafi yawansu ba sa cutar da kowa. Masana sun ƙiyasta cewa jikin baligi guda yana ɗauke da bakteriya fiye da tiriliyan 30, a fatarsa da bakinsa da hancinsa, mafi yawa kuma a hanjinsa. Wato ko malamin da ya fi kowa tsafta, yana fitowa daga wanka, gari ne guda mai cike da baƙi.

Zaman waɗannan baƙi da mai masaukinsu kuwa iri-iri ne, kamar yadda zaman mutane yake. Akwai baƙon da ke taya aikin gida: na hanji suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna samar da wasu sinadarai da jiki ke buƙata, suna kuma cike gurbi yadda mugun baƙo ba zai sami wurin shimfiɗa tabarmarsa ba. Akwai wanda ke cin tuwon gida kawai, bai ƙara komai ba, bai rage komai ba. Akwai kuma ɓarawon da ke shigowa da nufin ɓarna. Abin mamakin shi ne baƙo ɗaya na iya sauya hali. Wanda ya shekara a zaure lami lafiya, ranar da ya sami ƙofar cikin gida a buɗe sai ya zama ɗan fashi. Ƙwayar sanƙarau irin wannan baƙo ce.

Kowace ƙwaya kuma tana da hanyar tafiyarta. Ta zazzaɓin cizon sauro sai ta hau sauro. Ta amai da gudawa sai ta bi ruwan sha da abincin da ƙazanta ta taɓa. Ita kuwa ta sanƙarau, wadda likitoci ke kira meningokokas, wadda wani likita mai suna Anton Weichselbaum ya fara ganowa a birnin Biyana a 1887, ba ta buƙatar sauro, ba ta buƙatar rijiya. Ba ta zama a jikin akuya ko kaza, ba ta daɗewa a ƙasa ko a jikin tufa, da ta bushe ta mutu. Gidanta ɗaya ne tak a duniya: bayan hanci da maƙogwaron ɗan Adam. Tafiyarta kuma a cikin feshin tari da atishawa da yawu take, daga wanda ke kusa zuwa wanda ke kusa, musamman waɗanda suka daɗe a wuri ɗaya.

A nan ne maganar ta zo inda ya kamata kowane saurayi ya buɗe kunne. A lokacin da babu annoba ma, kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da wannan ƙwaya a maƙogwaronsa ba tare da ya sani ba, a lokacin annoba kuwa adadin na ƙaruwa. Yana cin abincinsa, yana buga ƙwallonsa, yana sahun gaba a masallaci. Ƙwayar za ta yi makonni ko watanni a wurinsa, jikinsa ya koyi saninta ya yi mata garkuwa, daga baya ta wuce. Ke nan shigar ƙwaya jiki daban, kamuwa da ciwo daban. Mafi yawan waɗanda suka kwanta da sanƙarau ba daga wurin majinyaci suka samo ta ba, daga wurin mai lafiya suka samo ta. Shi ya sa za a ga yaro ya kwanta a ƙauyen da ba a taɓa jin wani ya yi ciwon ba, sai a ce ai wannan sai iska.

Yadda baƙo ke zama ɗan fashi

Cikin hanci da maƙogwaro Allah Ya shimfiɗa wani lallausan tantani mai damshi, wanda shi ne katangar da ke tsare ƙwayar a waje. Idan hunturu ya kama, iska ta bushe ƙarau, ƙura ta yi ta shiga hanci dare da rana, sai wannan katanga ta fara tsattsagewa kamar yadda leɓe da diddige ke yi. Mura da tari, waɗanda ke yawa a wannan lokaci, suna ƙara mata rauni. Hayaƙin itace a ɗaki rufe, da hayaƙin taba da shisha, su ma haka. Ta waɗannan tsagu ne ƙwayar ke faɗawa cikin jini. Idan jikin ya riga ya san ta, dakarun jini za su gama da ita nan take. Idan kuwa bai san ta ba, kamar jikin ƙaramin yaro, sai ta yi ta hayayyafa, ta bi jini har ta kai ga tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya, ya kumbura. Wannan kumburi shi ne ke sandarar da wuya, daga nan ne ma ciwon ya samo sunansa.

Daga shigar ƙwaya zuwa bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, galibi kamar kwana 4. Da ya bayyana kuwa ba ya jira. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai kamar kan zai tsage, amai, ƙin haske, sandarewar wuya, ruɗewa, jijjiga, wani lokaci da ɗige-ɗige masu duhu a fata. Jariri shi ba lallai wuyansa ya sandare ba. Sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumbura. Yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda suka kamu ba sa tashi. Cikin waɗanda suka tashi ma, kusan ɗaya cikin biyar na fita da tabo na har abada: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin ƙwaƙwalwa. Kurame nawa ne a garuruwan Arewa waɗanda aka haifa da jinsu garau, sanƙarau ya toshe musu kunne suna 'yan shekara shida ko bakwai?

Abin lura a nan, ita kanta ƙwayar ba ta ci ribar komai ba da wannan ɓarna. Wadda ta zauna a maƙogwaro ita ke samun hanyar tsallakawa zuwa wani. Wadda ta kutsa cikin ƙwaƙwalwa ta kashe mai gida, tare za a binne su. Ashe ke nan ciwo yana faruwa ne idan abu uku suka haɗu: ƙwaya mai ƙarfi, da jikin da bai shirya mata ba, da yanayin da ya buɗe mata ƙofa. A cire ɗaya daga ciki, annoba ba za ta tashi ba. Wannan ita ce ƙa'idar da ilimin cututtuka masu yaɗuwa ya ginu a kanta.

Da wannan ne za a auna maganar masu cewa zafi ne. Suna da rabin gaskiya, tunda sun lura ciwon na da lokaci. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana zirin ƙasashen da annobar ke yawan faɗa wa, wanda a yau ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal har Habasha, kuma ƙasar Hausa na tsakiyarsa. A wannan ziri ciwon na farawa tun cikin sanyin Disamba da Janairu, ya yi ƙamari a Maris da Afrilu, da ruwan sama ya sauka iska ta yi damshi sai ya lafa. Amma zafi ba ya haifar da ƙwaya, kamar yadda damina ba ta haifar da gero a gonar da ba a shuka ba. Ƙwayar na nan cikin mutane har a tsakiyar damina, tana jiran rani ya buɗe mata ƙofa.

Riga shida, annoba iri-iri

Wannan ƙwaya tana sanye da wata riga mai santsi da ke hana dakarun jini kama ta, kuma da irin rigar ake rarrabe danginta. Guda shida ne suka fi ɓarna, an sa musu haruffa: A, B, C, W, X da Y. Jikin da ya san mai riga A, idan mai riga C ta zo ba zai gane ta ba. Wannan shi ne sirrin da ya sa annobar ke tafiya ta dawo da sabuwar fuska.

Shekara da shekaru mai riga A ce ke addabar Arewa. Ita ce ta yi ta'asar 1996, shekarar da mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, har Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin Hajji a wannan shekara. Daga 2010 aka fito da allurar rigakafi mai suna MenAfriVac, aka fara da Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi sahu daga 2011. Aka yi wa miliyoyin yara da matasa. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne: mai riga A, wadda ta yi kusan ƙarni tana cika maƙabartu, ta ɓace daga zirin kamar an share ta da tsintsiya.

Sai kuma ga wata sabuwa mai riga C ta ɓullo, kuma ba a wata uwa duniya ta ɓullo ba, a nan ƙasar Sakkwato ne a 2013, ta shigo Kebbi a 2014, ta ƙara ƙarfi a 2015 har ta tsallaka Nijar ta yi ɓarna a Yamai. A 2017 ta kama mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 1,100, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Da masana suka bincika asalinta, sai suka gano cewa kakarta ƙwaya ce marar riga, mai zaman lafiya a maƙogwaron mutane, wadda daga baya ta samo gadon ɗinka riga daga wata 'yar uwarta, sai ta zama makashiya. Ɗan uwa ya duba wannan aya ta ikon Allah: halittar da ido ba ya gani tana aron makami daga maƙwabciyarta.

Maganar zunubi da maganar ƙaddara

A tsakiyar waccan annoba ta 2017 ne gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa 'yan jarida cewa ciwon azaba ce daga Allah saboda yawan zinace-zinace. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya ƙi wannan magana, ya ce abin da ake nema a wurin gwamna shi ne ya nemo rigakafi. Babu Musulmin da ke musun cewa saɓo na jawo musiba, ko cewa komai da ƙaddarar Allah yake faruwa. Amma tambaya a nan ita ce, wane zunubi yaro ɗan shekara biyar ya yi? Me ya sa azabar ta san hanyar bukkar manomi da zauren almajirai, ba ta san hanyar gidan gwamnati ba? Idan akwai zunubin da ya kamata a ambata a irin wannan rana, to zunubin wanda aka ba amanar dukiyar jama'a ne, ya bar asibitin ƙauye babu allura babu ma'aikaci.

Tarihin magabata ma ya isa hujja. A annobar Amwas, a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, manyan Sahabbai irin su Abu Ubaida bn Jarrah da Mu'azu bn Jabal (RA) sun rasu. Wa zai buɗe baki ya ce zunubinsu ne? Kuma da Halifa Umar (RA) ya nufi Sham ya sami labarin annobar a hanya, sai ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddara take, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Abdurrahman bn Auf (RA) kuma ya zo ya tabbatar masa cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta faɗa wa, ya kuma hana na ciki fita. Malaman tarihi sun kawo cewa da jagoranci ya koma hannun Amru bn Asi, sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, annobar ta lafa. Waɗannan bayin Allah ba su taɓa ganin ƙwayar cuta a madubi ba, amma sun raba cunkoso, sun tsare hanya. Yau da Allah Ya buɗe wa ɗan Adam ilimin ganin ƙwayar da idonsa, wane uzuri ya rage?

Tabon Kano

Akwai 'yan uwa da yawa da in an ambaci allura sai gabansu ya faɗi, kuma ba za a ce ba su da dalili ba. A cikin annobar 1996, kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Sai a ƙarshen 2000 wata jaridar Amurka ta tona al'amarin, kuma sai a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na daga cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wanda ƙarshensa yaran talakawa ne suka shanye, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

To, a yi adalci a yi tunani. Me ya ba waɗancan mutane damar yin abin da suka yi? Annoba ce ta cika asibiti, iyaye suka ruɗe, duk wanda ya zo da farar riga sai a miƙa masa yaro. Da an yi wa yaran rigakafi tun kafin rani, da babu layin da za a tsinci na gwaji a ciki. Wanda ya ƙi rigakafi saboda haushin abin da aka yi a Kano, ya sake share wa irin wannan ta'asa fili ne bai sani ba. Sannan Trovan magani ne da ba a gama tantance shi ba a lokacin, alhali MenAfriVac an yi wa mutum ɗaruruwan miliyoyi a Afirka, an ga abin da ta yi, kuma a Indiya ake yin ta. Sabuwar allurar Men5CV, wadda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita a 2024, kamfanin Indiyan nan ne dai ya yi ta, tana kuma kare mutum daga riga biyar: A, C, W, X da Y. Duk alhajin da ya sauke farali a 'yan shekarun nan ma sai da aka yi masa allurar sanƙarau, domin Saudiyya ta wajabta ta bayan annobar da ta ɓarke a Hajjin 1987 da na 2000. Darasin Kano shi ne a buɗe ido a yi tambaya: wace allura ce, wa ya kawo ta, yaushe za ta lalace, ina katin shaida? Wannan haƙƙin kowane uba ne, kuma ma'aikacin kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

Rigakafi ba komai ba ne illa nuna wa jiki rigar ɓarawo kafin ɓarawon ya zo. Wani ɓangare na rigar ake sa wa a allurar, babu ƙwaya mai rai a ciki, sai dakarun jini su haddace kamanninta. Irin waɗannan sababbin allurai kuma suna da wata fa'ida ta biyu: an ga yadda MenAfriVac ta rage zaman ƙwayar a maƙogwaro ƙwarai da gaske. Shi ya sa ake yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Saurayin da ya miƙa dantsensa ya kare kansa, ya kuma daina zama jakin da ƙwaya ke hawa zuwa gidansu.

Nauyin da ke kan mahukunta

Wannan duka ba ya wanke masu mulki. Sanƙarau ba ya zuwa ba zato. Kalandarsa a rubuce take tun zamanin Turawa. Amma kullum sai gawa ta fara yawa sannan a ji sanarwa, a kafa kwamiti, a buɗe wuraren killace majinyata. A 2025 sai da ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, MSF, ta shigo Gwandu da Jega da Aliero ta taya jinya, sai kuma a watan Afrilu allurai fiye da miliyan ɗaya suka iso ƙasar daga rumbun ajiya na duniya, lokacin da rani ya riga ya yi nisa. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin taron, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. A 2017, shekarar da yaran Zamfara da Kebbi ke mutuwa, shugaban ƙasa na lokacin ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan. Wanda likitansa ke Ingila, ina zai san halin da ɗakin shan magani na ƙauye ke ciki?

An gina babban asibiti a Kalgo, wanda a 2020 aka yi amfani da shi wajen killace masu korona, ga kuma asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Madalla. Amma ciwon da ke kisa cikin kwana ɗaya ba ya jiran a nemo kuɗin mota daga ƙauyen Gwandu zuwa Kalgo. Allurar Seftiriyazon da ke kashe wannan ƙwaya ya kamata a ce tana ajiye a kowane ƙaramin asibiti tun watan Nuwamba, kyauta, da ma'aikacin da ya san alamomin ciwon.

Abin da ke hannun samari

Kada mutumin Kalgo ya ce ai a Gwandu abin ya faru. Ƙwaya ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba. Motar da ta ɗauko ɗan kasuwa daga Jega, da mai albasa daga Aliero, da ɗalibin da zai sauka a jami'ar tarayya da ke hanyar Kalgo, ta ɗauko maƙogwaro goma sha, gilasai a rufe saboda ƙura. Haka shagon samari da mutum takwas ke kwana an toshe taga da tsumma, haka zauren tsangaya, haka ɗakin kwanan ɗalibai. Buɗe taga, rage cunkoson kwana, shimfiɗa a tsakar gida idan sanyi ya wuce, rufe hanci da rawani ranar ƙura, kare baki yayin tari, barin taba: babu wanda ke buƙatar kasafin kuɗin gwamnati a cikinsu.

Idan kuma ciwo ya kama wani, aikin samari ne su ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne, ko da a kan babur ne. A yi addu'a a hanya, a yi tofi a bakin gadon asibiti, babu mai hanawa. Amma kwana guda da za a ɓata ana turare, ko ana jiran wanzami ya yi tsaga a ƙeya, ko ana haɗiyar farasitamol da kafso daga kemis, shi ne kwanan da ƙwayar ke buƙata. Shan kafso barkatai ma wata ɓarna ce ta daban: yana kashe baƙin kirki na hanji, yana kuma koya wa miyagun yadda za su jure magani. Idan likita ya nemi ɗibar ruwan ƙashin baya, kada a hana. Mutane na cewa wannan allura ce ke kisa, alhali ciwon ne ya riga ya ci ƙarfin wanda aka kawo a makare. Da wannan ruwa ake gane wace riga ce ta shigo gari, a san allurar da za a nemo.

Ɓoye majinyaci a gida kuwa cutar da gari ne baki ɗaya. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan aka sami mutum 10 cikin 100,000 sun kamu a mako guda a yanki, an shiga annoba, kuma da wannan lissafi ake neman allurai daga rumbun duniya. Duk yaron da aka binne ba a rubuta shi ba, ya rage lissafin, ya jinkirta zuwan rigakafin da zai ceci na gaba.

A garin Gwandu Shehu Abdullahi bn Fodiyo yake kwance tun 1829. Cikin littattafan da ya bari akwai Masalihul Insan, wanda sunansa kaɗai ya haɗa gyaran addinin mutum da gyaran jikinsa wuri guda. Ɗan ɗan uwansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Waɗannan shugabanni sun ɗauki lafiyar talaka a matsayin ilimin da malami zai zauna ya rubuta. Abin kunya ne a ce a ƙasar da suka yi wannan aiki, jikokinsu na mutuwa da ciwon da aka san ƙwayarsa tun 1887, aka kuma san maganinsa da rigakafinsa. Samarin da ke iya tara jama'a domin wa'azi da aikin gayya, suna iya zagaya tsangayu da shaguna kafin hunturu mai zuwa su bayyana wa mutane wannan al'amari, su tsaya a layin rigakafi a gaban ƙannensu, su kuma tambayi shugaban ƙaramar hukuma, tun ana damina, allura nawa ya tanada.

Allah Ya kare al'ummar Musulmi daga annoba, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya shiryi masu riƙe da amana ko Ya musanya su da waɗanda suka fi su. Wassalamu alaikum.